Jan Matajin Auta

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Ta-Tsakiya ya san ba ta ba da aron almakashi, ko allura ka roƙa sai ta ɓata rai. Wasu na cewa rowa ce. Amma ita tun tasowarta ba ta san abin da ake kira nata ba. Rigar Yaya ce ke sauko mata, in ta matse ta a wuce da ita ga Auta. Mataji ɗaya ne a gidan, baƙi mai karyayyun haƙora, kullum yana kan taga, shi ke bin kan kowa.

Ta-Tsakiya na aji uku ƙora ta fito wa Auta: wani farin zagaye a tsakar ka, gashin wurin na karyewa. Baba ya goya ta a babur zuwa asibiti. Suka dawo da magani, da sabon tawul, da matashin kai, da jan mataji mai sheƙi.

"Likita ya ce ta mataji da matashi da ɗankwali ake ɗauka," in ji Umma. "Kada wadda ta taɓa kayan Auta."

Kayan Auta! Kalmar ta tsaya wa Ta-Tsakiya a wuya. Kowace yamma Umma na zaunar da Auta tsakanin ƙafafunta, tana wanke mata kai a hankali tana yi mata sannu. Ita kuwa in ana tsefe mata, ranƙwashi take sha.

"Mai kan ƙwarya," ta ce wa Auta.

"Na ji. Ke ina naki matajin?"

Rannan da kowa ke tsakar gida, Ta-Tsakiya ta lallaɓa ɗaki ta caccaka jan matajin a kanta har fatar ta yi zafi, ta kuma mirgina a kan matashin. Haka ta riƙa yi, tana duba madubi, tana jin haushin lafiyar kanta. A ranta har ta zaɓi launin matajin da za a sayo mata: kore take so.

Yaya ce ta gano, tana cikin yi mata kitso. "Umma, zo ki ga! Wannan ma ta kwaso."

Ta-Tsakiya ta sunkuyar da kai don kada a ga murmushinta. Umma ta buɗa gashin, ta yi salati, ta ɗauke baƙin matajin da bakin zani ta jefa a shara. Baba ya fita, ya dawo da ƙarin magani da wani abu a leda.

"To, tunda ciwonku ɗaya, ke da Auta sai ku haɗa kaya," in ji Umma.

Sannan ta zaro sabon mataji daga ledar, ta miƙa wa Yaya. "Ke kaɗai kika rage da lafiya. Ɓoye shi, naki ne."