Malam Abdulmumini, Mai Ɗakin Tsofaffin Soja

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. A ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya yi wa Malam Abdulmumini Sha'aban rasuwa a gidansa da ke Unguwar Dabo, gabas da Ɗambatta, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu cikin 'ya'ya da jikoki, da kalmar shahada a bakinsa.

Baba Malam, manoman yankin nan sun san ka a matsayin malamin gona. Ni kuwa, Raudatu, 'yar maƙwabciyarka Halimatu Sadiya, da wani alherin na san ka.

Ka sha ba mu labarin kwas ɗin noman rani da aka tura ka ƙasar Holan. A can aka kai ku wani gidan tarihi da mutanen garin suka gina don tunawa da sojojin ƙasar Folan, waɗanda suka baro gida suka yi yaƙi a ƙasar wasu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ka ga takalmansu da hotunansu, ka ga tsofaffi suna kawo jikoki suna nuna musu. Ka ce a nan kunya ta kama ka, domin mu ma an kwashi iyayenmu zuwa ƙasar Bama a wannan yaƙin, waɗanda suka dawo kuma ba abin da yara suka sani game da su sai tsokana.

Da ka dawo sai ka share shagon ƙofar gidanka, ka shiga ƙauyuka a kan babur kana tambayar kayan tsofaffin soja don ka tara su a ciki. Wani gidan a ba ka lambar yabo, wani kwanon soja da aka mayar na ba kaji ruwa, wani kuma a ce maka yaƙin Nasara ne, ba ruwansu. Ba ka taɓa yin fushi ba. Sai ka ce, "Yaƙin nasu ne, amma mutanen namu ne."

Inna, mahaifiyata, tana cikin uwarta aka tafi da mahaifinta, Sama'ilu, bai kuwa dawo ba. Ta haura sittin ba ta san kamanninsa ba. Wata rana ka samo hoton wasu sojoji a wani gida a Bici, ka kai wa Baba Ɗan'auta, tsohon sojan da ya rage mana a lokacin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan wani dogo da ke tsaye a gefe.

"Wannan Sama'ilu ne. Shi yake mana limanci a daji."

Ka aiko aka kira Inna, na raka ta. Ta riƙe hoton da hannu biyu, can sai ta yi dariya hawaye na zuba.

"Malam, ashe kunnuwan nan nawa gado ne!"

Kai ma ka yi dariya har ka cire tabarau. Tun daga ranar, duk Juma'a takan biya ta shagon ta yi wa mahaifinta addu'a, har ta koma ga Allah da kwanciyar hankali.

Ba ka taɓa karɓar komai a ƙofar ɗakin nan ba. Ɗaliban makaranta suna zuwa, ka shimfiɗa musu tabarma, ka faɗi sunan kowane soja da ƙauyensu da sana'arsa kafin a ɗauke shi. Ɗanka Jamil ya shaida mana a wajen zaman makoki cewa ɗakin zai ci gaba da zama a buɗe, mun kuwa ji daɗi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidan Malam, Hajiya Aina'u, da Jamil da ƙannensa da dukkan jama'ar Unguwar Dabo. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Baba Malam, Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Yadda ka tuna da waɗanda aka manta, Allah Ya tuna da kai da rahamarSa. Amin.