Yatsan da Siminti Ya Cinye

Ban taɓa shiga makaranta ba, amma takardun maigidana ni ke ajiye su, domin shi mutum ne da zai iya ƙunshe goro a cikin fasfonsa. Muna zaune a unguwar Misfala kusa da Harami a lokacin, ɗaki ɗaya a bayan gidan wani mai sayar da gawayi. Shi magini ne tun daga Kano, ya yi gini a Sudan shekara huɗu kafin mu tsallako ruwa. A shekarun da ake faɗaɗa Harami aiki bai taɓa yanke masa ba. Abin da ya rasa iƙama ce, takardar zama, kuma bayan kowane aikin Hajji ana kwashe marasa ita a zuba su a jirgin ruwa.

Takarda uku ake so a kai ofis rana ɗaya. Akwai sabon fasfo, don wanda muka taho da shi na zamanin Turawa ne, ya mutu da Najeriya ta karɓi mulkin kanta. Akwai ta likita. Akwai wasiƙar mu'allim, wato ubangidan da yake wa aiki, mai shaida cewa hannunsa ya iya sana'a. Tunda ban iya karatu ba sai na ɗaura wa kowace zare: fasfo ja, ta likita baƙi, wasiƙa fari. Ta likita an ce wata uku take rayuwa. Na zuba ƙwallayen dabino casa'in a gwangwani, kullum bayan asuba in cire ɗaya. Sau biyu gwangwanin yana ƙarewa muna jiran fasfo daga Jidda, sau biyu maigidana yana komawa wurin likita yana buɗe baki ana leƙawa.

A karo na uku, cikin Shawwal, takardun suka haɗu duk da ransu. Na bi shi har ƙofar ofis na zauna a inuwa. Da ya fito yana dariya na san ba lafiya.

"Hajiya, ashe ba ni da yatsa."

"Malam, bar wasa. Me aka ce?"

"Akawu ya dangwala babban yatsana a tawada, ya dangwala a takarda, sai baƙi kawai kamar an ɗiga kwalli. Ya gwada goman duka. Ya ce in je in dawo da zanen yatsan da Allah ya ba ni."

Na kama hannunsa na juya. Shekara talatin ina ganin hannun nan, ban taɓa lura ba. Siminti da farar ƙasa sun shafe shi sumul kamar bayan faranti.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Damagaram da mijinta ya taɓa shiga irin wannan, ta ce zane yana dawowa in an hutar da hannu. Maigidana ya je wurin mu'allim. Mutumin ya ce Hajji ya gabato, masu gida na jiran ɗakunansu don alhazai, kwana goma zai riƙe masa gurbinsa, ba ƙari.

Na shafe hannayen da man shanu na naɗe da tsumma. Ya zauna a bakin ƙofa da hannaye a ƙunshe, abokansa na wucewa suna tsokana.

"Ya Alhaji, yaushe ne ɗaurin auren? Mun ga amarya ta sha ƙunshi!"

"Ku tambayi uwar biki, ga ta can tana harara," in ji shi.

Ban yi dariya ba. Idona yana kan gwangwani.

Kullum da hantsi nakan kwance tsumman, in shafa masa baƙin tukunya a yatsa, in danna a farin farantin tangaran, in fita da shi haske. Rana ta goma zanen ya fara fitowa a gefe, tsakiyar kuwa har yanzu baƙi ne. Maigidana ya ce shi gobe zai je ofis da sassafe, in ya yi ya yi, in bai yi ba ya wuce wurin aiki. Na ce bai nuna ba, akawu zai sake koro shi, siminti kuma ya cinye ɗan abin da muka samu.

"Hajiya, mu'allim ba ya magana biyu."

"Shekara shida kana ɗora masa bango. A ina zai sami kamarka cikin mako guda?"

Da ya tafi masallaci na kwashe cokalin gininsa da gudumarsa na kai ɗakin maƙwabciya na ce ko ya yi rantsuwa kada ta ba shi. Ya dawo ya duba inda suke, ya dube ni, ya miƙo hannu na naɗe. Bai ƙara yin wasa da masu wucewa ba.

Rana ta goma sha takwas zanen ya fito sarai a faranti. A ofis ma ya fito sarai. Akawu ya ce masha Allah, sannan ya ɗaga mai farin zare ya ce kwanan watanta ya tsufa, a kawo sabuwa. Ni kuwa ta likita kaɗai nake ƙirgawa, ba wanda ya gaya mini wasiƙa ma tana mutuwa.

Muka je wurin mu'allim tare. Muka tarar da wani a kan tsani a gurbin maigidana. Mu'allim bai ɗaga murya ba, har shayi ya sa aka ba mu. Ya ce ba zai rubuta cewa mutum yana masa aiki alhali ba ya yi ba. Na roƙe shi, ni da ban saba roƙo ba. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya Hajja, na jira shi kwana goma sha biyu."

Wasu masu gini biyu sun ce ya zo, amma ba sa shaidar hannu sai sun ga aikinsa wata biyu ko uku. Ya kama aiki da ɗaya, dole a ci abinci. Cikin mako uku yatsan ya koma sumul. Ofis ya daina karɓar irin takardunmu saboda alhazai sun fara sauka. Ƙwallon dabino na ƙarshe na cire shi ana saura kwana biyu Arafa.

A Muharram aka kama maigidana, a wurin aiki, da siminti a hannu. Na same shi a Jidda kafin jirgi ya tashi, muka yi magana ta tsakanin wayar shinge. Ya ce in zauna wurin 'yarmu, tunda mijinta haifaffen nan ne, shi zai haɗa takardu a Sudan ya dawo. Na jira ya ambaci cokali da guduma. Bai ambata ba. Cewa ya yi, "Ki riƙe mai jan zaren da kyau." Sai na ce, "To, Malam." Abin da na iya faɗa ke nan.

Saƙonsa ya zo sau biyu ta bakin alhazai. A shekara ta uku wani ɗan garinsu ya neme ni a Misfala ya yi mini ta'aziyya, ya ce zazzaɓi ne.

Takardar da ya dangwala rana ta goma sha takwas, akawu ya mayar mana da ita tare da sauran. Tana cikin akwatina. Jikokina, da Larabci ya fi zama a bakinsu, sun ce rubutun ya dushe ba ya karantuwa. Yatsan dai yana nan, nakan fita da shi haske in duba.