Maƙesun da ya kashe wutarsa

Kafin a rushe ƙauyenmu a yi titi a kansa, Kakata takan tara mu da an gama cin tuwo, tana gasa doya a bakin murhu. Da yarenmu na Gbagyi take ba mu labari. Idan damina ce, maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya, yakan cika fadamar bayan gida, mu kama mu murje shi a goshi.

Wata rana ta ƙwace ɗaya daga hannuna. "Ladi, sake shi, sarkin mugunta. Zauna ki ji."

Ta ce ɗan maƙesu tun yana tsutsa yake da wuta, don kwaɗo ya gani ya san da ɗaci, ya ƙyale shi. To wani ya girma, ya ga yara sai mai haske suke kamawa. Sai ya kashe wutarsa, ya koma yawo da rana, ko mata da ƙanshi ya nemo ta.

"Ya tsira, Kaka?"

"Ya tsira mana. Sai dai da ya koma fadama, ba wanda ya gane shi."

Dariya muka yi.

Da muka koma haya a unguwar Karmo, na ga yadda ake kwaikwayon maganarmu a kasuwa, sai na hana 'ya'yana yaren. Hausa da Turanci kawai. A ganina gata na yi musu.

Bara aka ce za a rubuta 'yan asalin ƙauyen a ba su fili. Ina kwance asibiti, na tura babban ɗana Danjuma. Dattawa suka gaishe shi da yare, ya tsaya yana murmushi. Ɗaya ya ce, "Oga, layin baƙi yana can." Kafin in warke an rufe rubutu.

'Yata Asabe ta karanta mini a littafinsu na makaranta cewa akwai irin wannan maƙesun da gaske, kuma masana ba su cire shi daga dangi ba, tunda ya yi wuta yana ƙarami. Na ce ta maimaita a hankali, don karatuna na yaƙi da jahilci ne. Ashe ƙwaro ya fi ɗana sa'a. Danjuma ko yana ƙarami ban bar shi ya haska ba.

Yanzu jikata nake koya wa gaisuwar safe da yarenmu. Jiya ta tambaye ni yadda ake amsawa. Na buɗe baki, sai Hausa ta fito.