Bokitin da Baba Ya Kafa a Zaure

Ranar Asabar ta farko da aka kulle Kaduna saboda korona, a shekarar 2020, Baba ya shigo gidanmu na Unguwar Kanawa rungume da shuɗin bokiti mai famfo a gindi. Ya ɗora shi kan kujera 'yar tsugunno a zaure, ya yanka gora gida biyu ya sa sabulu a ciki, sannan ya dube ni ya ce, "Ummi, ke ce mai gadin wannan. Ba mai shigo mana da hannun waje." Shekarata goma sha biyu, ƙanena Sadik yana da biyar.

Sadik kuwa ɗan gatan ciwo ne. Kowace shekara sai ya kwaso gudawa da amai sau biyu ko uku, ko daga makaranta ko daga Islamiyya. Da zarar ya fara, Mama za ta ajiye komai, ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba shi cokali-cokali, ta goya shi duk girmansa, a sayo masa ayaba da lemo. Ni kuma nawa rabon wankin wanduna da wanke fo. Ban taɓa kwanciya ba, har Mama kan ce, "Ummi ai cikinta na akuya ne, ko dutse ta haɗiya zai narke." Yabo take yi, ni kuma haushi nake ji. Ina shanya ina leƙen su, ina jin da ma ni ce a bayan nan.

Kulle ya sauya komai. Babu makaranta, babu wasan 'yar gala-gala a layi. Baba, da yake ma'aikacin ofis ne mai son bin doka, ya hana ci a kwano ɗaya, ya cire moɗar randa ya ba kowa kofinsa. Wata ya bi wata, cikin Sadik ko murɗawa bai yi ba. Sai ga Mama da lokaci a hannu. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi min shuku da kanta, ba gaggawa, tana ba ni labarin garinsu. Ta koya min jefa ɗanwake. Mutane suna kukan kulle, ni ina roƙon Allah a ƙara.

Da aka buɗe makarantu na san abin da zai dawo, sai na ƙudura wannan karon ni zan riga Sadik kwanciya. In na dawo sai in murɗa famfon kawai don a ji ƙarar ruwa, hannuna na bayana. Wata 'yar ajinmu ta yi amai a bayan aji, na bi ta na sha ragowar ruwan gorarta. Ran nan na shigo da awara, Sadik ya biyo ni yana naci, na gutsura da wannan hannun da ban wanke ba na sa masa a baki.

Ni cikina ƙugi kawai ya yi na yini ɗaya. Sadik kuwa kwana biyu ko ruwa ba ya zama a cikinsa, idanunsa suka faɗa, sai asibiti aka kai shi aka yi masa ƙarin ruwa. Na ji tsoro ƙwarai, na yi kuka a bakin rijiya ina wankin zannuwa. Amma ba zan yi ƙarya ba, ranar da na kai musu abinci na ga kansa a cinyar Mama tana shafawa, kishin nan yana nan daram a gefen tsoron. Mama ta karɓi kular ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, ke ba ki taɓa tayar min da hankali ba." Na sunkuyar da kai.

Yanzu famfon ya karye, an toshe ramin, a bokitin ake jiƙa wanki. Sadik ya kusa kamo ni tsawo, bai san komai ba, Mama ma ban taɓa faɗa mata ba. Kitso a shago nake yi. In na ji ana tuna kulle ana cewa Allah kada Ya maimaita, nakan ce amin tare da kowa, amma muryata ba ta fita sosai. Watannin kullen nan ne kaɗai na samu Mama ba tare da wani ya kwanta ba.