'Ya'yan Itacen Da Na Ƙulle a Bakin Mayafi

Da Yaya ta miƙo mini kwalbar ruwa na kurɓa, ruwan ya tsaya a maƙogwarona ya ƙi wucewa. A nan na san akwai matsala. Tun ɗazu leɓena ke mini raɗaɗi kamar na gutsuri attaruhu, amma na ce wa kaina gishirin teku ne. Na juya baya na tofar da ruwan a yashi, na ja mayafi na rufe bakina.

Yaya ita ce babbar yayar maigidana. Tana zaune kusa da babban masallacin Regent's Park, mu kuma muna wani ɗan flat a Catford, saman shagon wanki. Wata bakwai ke nan da aka kawo ni London daga Kano. Ita ta dube ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ce sanyi ya sa amaryarsu ta koɗe, ta yi mana booking tare da su a jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa. Ranarmu ta huɗu jirgin ya tsaya a wani tsibiri. Garin ƙarami ne, gidajen katako masu fenti kala-kala, shagunan huluna da riguna a jere, kiɗa na tashi ta ko'ina. Maigidana da mijin Yaya suka bi kwale-kwale kallon kifaye. Aka bar ni da Yaya a ƙarƙashin lema a bakin teku.

Ina da ciki wata huɗu, kuma ban da maigidana babu wanda ya sani. Cikin fari ne, da wane baki zan faɗa wa yayar miji? Abincin jirgin kuwa ko ƙamshinsa ba na so. Abin da raina ke nema shi ne tsamiya, ko ɗanyen mangwaro da gishiri. A gida sai in hau bas zuwa Peckham in samo, amma a tsakiyar teku fa?

Da hantsi Yaya ta fara gyangyaɗi, na tashi na ɗan taka. Can gefe, inda yashi ya ƙare, na ga wata bishiya mai inuwa, 'ya'yanta koraye kamar ɗanyar kanya, ƙamshinsu har inda nake. An zagaye gindinta da jan fenti. Ni abin da na sani game da jan abu a jikin bishiya ɗaya ne. A gonar kakana, duk mangwaron da aka ɗaura wa jan ƙyalle da laya yana da mai shi, kuma tun muna yara ake ce mana wanda ya sata bakinsa zai kumbura har sai ya tona kansa. Na yi sakandare, na san abin da malamar kimiyya za ta ce game da wannan. Na duba dama da hagu, babu mai kallona. Da na ƙasa na tsinta, da sai in ce tsintuwa ce. Hannu na sa na tsinko guda huɗu. Na ci ɗaya da rabi a tsaye, zaƙinsa kamar me, na ƙulle biyu a bakin mayafi na komo na zauna kamar ba ni ba.

Shi ya sa da bakina ya fara ci da wuta tunanina bai je kan guba ba. Abin da ya zo mini shi ne, ga shi nan, abin da ake faɗa mana ne ya kama ni, kuma a gaban Yaya.

"Amarya, wannan shirun fa?" in ji ta. "Ko kewar ango ce tun yanzu? Awa biyu kacal!"

Na yi murmushi a cikin mayafi. Yawu ya cika mini baki, haɗiyarsa kamar haɗiyar allura. Hawaye na zuba da kansu. Na fara karanta duk addu'ar da na sani a zuci, ina neman gafarar mai bishiyar da ban san ko wane ne ba. Sai marata ta ɗan murɗa. Na ɗora hannu a kai ta ƙarƙashin mayafin, na ji kamar ƙasa ta tsage. Duk da haka ban yi magana ba. Ina ta lissafin yadda zan ce wa matar da ta ɗauko ni ta kawo ni nan, ta saya mini akwati da takalma, wai na je na saci ɗan itace kamar akuya. Na fi rabin awa a haka. Wannan rabin awar ce har yau ba ta barina in sake.

Akwai wata mata 'yar garin da ke bin lemomi tana yi wa Turawa kitso da duwatsu. Babba ce, baƙa kamar gwaggona, da faffaɗar hular kaba. Ta tsaya a kanmu tana nuna wa Yaya hotunan kitso, Yaya na ce mata mu a garinmu muka bar wannan. Sai idonta ya sauka a wuyan hannuna. Wurin da ruwan ɗan itacen ya taɓa ya yi ja, ya fara tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Ta kamo hannun, ta ga ƙullin mayafin, ta kwance. Biyun suka faɗo a yashi.

Na ce a raina shi ke nan, mai bishiyar ce. Da ɗan sauran muryata na ce mata, "Sorry, madam. Sorry."

Ba ta ma saurare ni ba. Ta kwarma ihu da wani irin Turanci mai sauri, ta yi fatali da 'ya'yan itacen da takalminta, ta tura yashi a kansu. Ta riƙe haɓata tana tambaya nawa na ci, tun yaushe. Na ɗaga yatsa biyu, wato kusan guda biyu na ci. Yaya ta miƙe tsaye, gyalenta ya zame.

"Me take cewa? Ke, me kika ci? Innalillahi! Guba take cewa, guba!"

Mai kitson ta ruga wata rumfar sayar da lemo ta dawo da madara mai sanyi, ta sa ni in kuskure baki in zubar, sannan in dinga kurɓa kaɗan kaɗan. Ta tsayar da mota, ta tura mu ciki, ta bar jakar kayan kitsonta a wurin mai lemon ta shigo gaba. Da muka zagayo ta titi muka wuce bishiyar. Ta wannan ɓangaren akwai allo babba da jan rubutu, an ce kada a taɓa, kada a ci, kada ma a fake a ƙarƙashinta in ana ruwa. Turanci ne mai sauƙi, ɗan firamare zai karanta. Ni ta bayan allon na zo.

Asibitin ɗaki uku ne da fanka a sama. Likitan dattijo ne mai furfura. Ya haska maƙogwarona, ya ce ya kumbura amma iska na wucewa, za su sa mini ido. Ya ɗauko allura, sai ya tsaya ya yi tambayar da nake gudu: ko ina da ciki? Yaya na tsaye a kaina. Na dubi fankar. Ya sake tambaya. Na gyaɗa kai.

"Wata nawa?" in ji Yaya, a hankali.

Na ɗaga yatsu huɗu.

"Huɗu." Ta zauna a bakin gadon. "Kika zauna kusa da ni kina ƙonewa, da ɗan ƙanina a cikinki, kika yi shiru? Ni dodo ce? Wallahi da bakinki lafiya yake da na ja shi."

Sai ta fashe da kuka, ta kama ƙafata tana matsawa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka ɗan jima muryata ta fara dawowa, na faɗa mata maganar jan fentin da gonar kakana. Ta kalle ni, sannan dariya ta ƙwace mata cikin hawaye.

"Oh ni! Wato ke a zatonki har nan ma akwai masu ɗaura laya? To da kwaɗayi ya taso miki me ya hana ki faɗa? Ni da na ci ƙasar bango a cikina na fari, wa zan yi wa dariya?"

Mako uku ke nan da dawowarmu Catford. Na naɗa wa Umma kaset na ba ta labarin jirgi da teku da gidajen katako, na tsallake wannan. Ko a kasuwa na ga koren tuffa sai in kau da kai. Ita kuwa mai kitson, ta tafi ina kwance, ban yi mata godiya ba, ban ma tambayi sunanta ba. Kalmar da ta ji daga bakina ita ce ta ban haƙuri kawai.

A ranar kuwa, a asibitin, ina kwance tun kafin azahar. Maigidana ya iso wajen ƙarfe biyu da rigarsa a jiƙe, Yaya ta hana shi tambayata komai. Aka dinga ba ni madara da cokali. Wajen la'asar na haɗiyi cokali guda ya wuce ba tare da na runtse ido ba. Wata nas ta zo da ɗan ƙahon sauraro da wata ƙaramar na'ura, ta ɗora a marata tana matsarwa, tana matsarwa. Can sai ga wani sauti mai sauri kamar ana dakan gero a gidan maƙwabta, bugun zuciyar abin da ke cikina. Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdulillahi."

Likitan ya sake haska maƙogwarona, ya kashe fitilar. Ya ce kumburin ya sauka, bakin zai yi kwana biyu yana ciwo, amma ni da abin da ke cikina mun tsallake, za mu iya komawa jirgi. Maigidana ya fara fassara mini, Yaya ta ce, "Bar ta, ta ji. Nemo mana mota."