Layi Biyu da Ruwan Kawu

Tun da ɗan Adam ya fara riƙe alƙalami, ban san wani fanni na rubutu da ya kai gabatar da shafin intanet wuya da daraja ba. Mai littafi yana da fili ya yi ta kewaye-kewaye. Mai bulog kuwa, wato shafin da mutum ke buɗe wa kansa, layi biyu aka ba shi a ƙarƙashin suna, a ciki zai faɗi ko shi wane ne da abin da ya fito da shi.

Na gano haka ne a shekarun da wayar salula ta fara yawa a hannun 'yan tumatir, ina koyar da Hausa a wata sakandare kusa da Bunkure. Duk Asabar sai in hau mota daga Kura zuwa birni, in shiga kafe, wato shagon intanet, in sayi awa ɗaya. Jama'a na duba wasiƙu, ni kuwa ina bin gabatarwar shafuka kamar mai tsintar gyaɗa. Ga wani ɗalibi a ƙasar waje da ya ce shafinsa na kewar gida ne da tuwon dawa. Ga wata baiwar Allah mai koyar da miya iri-iri, ga wani dattijo mai tara kalmomin da suka mutu, ga ƙungiyar wani gari da ta cinye layinta biyu a gaishe da hakimi. Nakan kwafe su in dawo gida in ba su maki da jan biro. Mai miyar ce kaɗai ta taɓa cin tara bisa goma.

Daga nan zumuɗi ya kama ni. Me zai hana manoman raninmu su ma duniya ta san da su? Na kai maganar taron ƙungiyar masu ban ruwa, wanda ake yi a gindin mangwaro bakin kanal, wato babbar hanyar da ke kawo ruwa gonaki. Na yi bayani har da zane a ƙasa. Aka yi ta kabbara.

Sai dai kanal ɗinmu, kamar kowane kanal, yana da kai yana da ƙarshe. Gonar Ciyaman, shugaban ƙungiyar, tana kai, inda ruwa ke fara sauka. Ta kawuna tana can ƙarshe, inda ruwa ke isa in ya ga dama. A wannan rani tumatir ɗin Kawu ya fara fure, kuma ya kwana tara bai sha ba. In aka ƙara mako guda, shekararsa ta tafi.

Na miƙe na karanta abin da na tsara: shafin manoman rani ne, masu ciyar da Kano da tumatir da albasa da shinkafa, cikin haɗin kai da zaman lafiya.

"Sake karanta ƙarshen, Malam," in ji Kawu. Ba ya ce mini Malam sai zai yi mini tsiya.

Na sake.

"Haɗin kai? To ƙara da cewa rabinsu ruwa ba ya isa gonarsu, don na gaba sun datse."

"Kawu, gurbin ba zai ɗauka ba, haruffan ƙidayayyu ne."

"Cire albasar. Ita ta sha ruwanta."

Wuri ya kaure da dariya, ban da Ciyaman. Ya gyara zaman hularsa ya dube ni.

"Malam, wai abin nan su wa ke karanta shi?"

"Duk duniya, ranka ya daɗe."

"Har Kaduna?"

"Har Makka, Alhaji."

Ciyaman yana da suruki a can, yana kuma da niyyar komawa aikin Hajji. Ni kuwa da na ga abin ya kama, sai malantar ta motsa. Na shiga gyara wa Kawu jimlarsa a fili, ina cire wannan kalma ina sa waccan, har ta zama gajera mai kaifi, ta shiga gurbin daidai. Na karanta ta sau uku da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa. Wallahi ban taɓa jin daɗin aikin nahawu irin na ranar ba.

"Haba Malam, haba!" in ji Ciyaman. "Maganar cikin gida ce za ka kai wa Larabawa?"

"Su ma da ban ruwa suke noma, za su gane," in ji Kawu.

Aka shiga ciniki. Ciyaman ya ce a ba 'yan ƙarshe ruwa ranar Alhamis. Kawu ya ce Alhamis ɗaya ba ta kai a goge jimla mai kyau irin wannan ba. Limamin garinmu ya sa baki, aka tsaya a kan Litinin da Alhamis, daga hantsi zuwa la'asar, ba mai datsewa. Ciyaman ya tsaya a kaina sai da ya ga na ja layi a kan jimlar, ya ce in ƙara ja, don yana iya hango ta.

Ranar Litinin na tashi daga makaranta na wuce gonar Kawu a guje. Na same shi wando a naɗe, fartanya a hannu, yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali, yana yi wa tumatir magana kamar masu jego. Da ya hango ni ya ɗaga murya: "Ashe bokon naka yana jiƙa ƙasa!" A wannan shekara ya cika kwanduna har ya rasa inda zai sa.

Asabar ɗin da ta biyo na je birni da gabatarwar a aljihu, na sayi awata, na zauna gaban kwamfuta ina jiran shafin rajista ya buɗe. Babu sabis. Mako na gaba aka fara jarrabawa, daga nan damina ta faɗi. Shafin dai har yau ba a buɗe shi ba.