Littafin Kurkunu na Malam Bube

Duk wanda ya ci kasuwar Tambuwal a da ya san Malam Bube, mai ɗingishin nan da ke sayar da allura da zare a gindin itacen bedi. Kaɗan ne sunka san ya taɓa zama malamin makaranta. Ni na sani, don taubashina ne, uwarsa Goggo Fatsuma ƙanwar babana ce. Tun muna yara nake tsokanarsa, har ya koma ga Allah ban daina ba, in ban da a kan magana guda. Ita ce wannan.

Gidansu gidan malamai ne. Ya sauke Alƙur'ani kafin a kai shi boko, ya fito da kai mai kyau da taurin tsiya. Shekarar da anka samu 'yancin kai anka tura shi Kebbe ya koyar da manyan yara. Ni lokacin ina fataucin gishiri da jakai, don haka ni na ɗauko masa akwatin littattafan da En'e ta aiko. Nauyi kamar dutsen niƙa. Na ce masa da gero ne da ya fi amfani. Bai ko kula ni ba, yana ta shafa su yana sunsunawa.

Littattafai ne na Hausa masu hotuna. Akwai na yadda ruwan sama ke haɗuwa, akwai na ƙabilun Nijeriya da sana'o'insu. Amma wanda ya shiga ransa shi ne wani siriri mai koren bango, mai bayanin kurkunu. Duk damina kurkunu kan kwantar da majiya ƙarfin ƙauyukan nan, noma ya tsaya, ciyawa ta cinye gero. Littafin ya ce tsutsar daga ruwan tabki take, cikin wasu 'yan ƙwari da ido ba ya cika gani, in an tace ruwan da ƙyalle shi ke nan. Bube ba ya son komai a duniya sai mutanen Kebbe su riƙa tace ruwa.

Ya raba wa yara littafin, ya ce kowa ya tafi da shi gida ya karanta wa iyayensa. Yara sunka karanta. Iyaye sunka saurara da ladabi, sunka gane cewa wannan littafi maganin kurkunu ne. To, mu a wurinmu an san yadda rubutu ke magani: a wanke a sha. Sunka gwada wankewa, tawadar boko ta ƙi fita. Sai wata mai dabara a ƙauyen Fakku ta yage shafi ta jiƙa shi a randa har ya narke. Kafin kaka labari ya gama ƙauyuka.

Ranar da ya ce a dawo da littattafai, bango kawai anka kawo masa. Ina nan. Ya bi gida gida, ni ina biye ina dariya, Allah ya yafe mini dariyar. Wani dattijo, Ɗangiwa, ya tare shi da fara'a.

"Malam, Allah shi saka. Mun sha, har jikoki."

"Baba, ba sha anka ce ba. Tacewa anka ce."

"Mun tace da fari," in ji Ɗangiwa. "Sai munka ga takardar na maƙalewa ga ƙyalle. Ina amfanin a tace magani a zubar?"

Wato har 'yan kaɗan ɗin da sunka fara tacewa sun daina, saboda littafin. Nan dariyata ta tsaya.

Kuma abin haushi, ruwa ya yi ƙaranci a shekarar, tabkuna sunka ƙafe da wuri, mutane sunka koma rijiya. Da damina ta zagayo kurkunu bai yi yawa ba. Wa zai gaya musu ba littafi ba ne? Anka fara zuwa masa daga nesa da kaza da ƙwaryar gero ana roƙon shafi guda. Ya kore su, sunka lallashi yara. Na ruwan sama anka sha don fari. Na ƙabilu ban san don me anka sha shi ba, amma an sha. Ya je Sakkwato neman wasu, anka ce ya jira. Yana cikin jira soja sunka karɓi mulki, ba wanda ya sake tuna akwatin Kebbe.

Kwafi ɗaya ya rage masa na mai koren bango. Ya sa shi cikin gafakar ubansa ya rataye a ɗaka. Ya daina ba yara, sai dai ya karanta musu daga nesa. Ruwansa kuwa shi ke tace abinsa da hannunsa, da wani farin ƙyalle da ba ya rabuwa da aljihunsa. Nakan ce masa amaryarsa ke nan.

Da ubansa ya rasu ya ɗauko Goggo ta zauna wurinsa. Goggo mace ce mai tsoron Allah da son ɗanta, kuma ta ji abin da gari ke faɗi: kowa ya sha maganin sai mai shi. Abin ya hana ta sukuni. Ba ta yi masa gardama ba, ba halinta ba ne. Ta dai ci gaba da dama masa fura kullum, shi kuma ɗa ba ya tace furar uwarsa.

Damina ta gaba anka aiko mini Bube na kwance. Na same shi ƙafa ta kumbura kamar turmi, tsutsa ta fito a idon sawu da gwiwa, an naɗe kanta a tsinke. Gafakar tana gefensa a buɗe. Ya miƙo mini littafin, na ga babu shafukan tsakiya.

"Da ruwan tabki Goggo ta jiƙa su," ya ce. "Wai na rijiya bai san ciwon ba."

Tausayinsa ya kama ni, haushin kowa ya kama ni, har da shi. Gwiwar nan ita ce ta ruɓe ta sandare, ita ta raba shi da aji. Amma ni a ganina ba ranar ya bar koyarwa ba.

Washegari ne, da hantsi. Ina zaune Goggo ta shigo da ƙwarya a hannu, idanunta sun yi ja don kuka. Ta durƙusa a gabansa, ita da ta haife shi.

"Laifina ne, ɗan nan," ta ce. "Na yi maka rowa, kaɗan nis sa. Yau na sa duka."

Na leƙa. Ga guntayen koren bango suna yawo a kan fura. Ƙyallen yana nan kusa da matashinsa, na ga ya dube shi. Ya dubi uwarsa. Sannan ya yi bisimilla, ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya shanye.